Lallen Kaka a Gindin Randa

Shekaranjiya na shiga gidan wata maƙwabciyarmu da har yanzu ba ta rabu da randar ƙasa ba. Na durƙusa zan ɗebi ruwa, sai ƙamshin jiƙaƙƙen rairayin da ke gindinta ya daki hancina, na daɗe a durƙushe da moɗa a hannu har matar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, kakata na tuna. In kai ma a gidan da ake girka randa a kan rairayi ka tashi, ka san ƙamshin da nake nufi, mai sanyi-sanyin nan irin na ruwan farko. Ni dai lalle yake tuna mini, kuma bari ka ji dalili.

Mu mutanen bakin Komadugu ne, daga wani ƙauye gabas da Diffa, ta wajen Geskeru. Babanmu manomin tattasai ne. Ba zan tsaya yi maka kirarin tattasanmu ba, duk wanda ya ci miya a ƙasar nan ya riga ya gaisa da shi. Idan sanyi ya fara ja da baya aka baza shi a shanya, ƙasa ja take yi tun daga bayan gidaje har gaɓar kogi, in iska ta taso kowa ya kama atishawa, manya da yara har da jakuna. A ƙarshen lambun babanmu, ta gefen da ruwa ke shigowa, akwai wani dogon shingen lalle da ya fi mutum tsawo. Wannan kam ba na babanmu ba ne, na uwarsa ne, kuma ko shi bai isa ya karya reshe ɗaya ba sai ya faɗa mata.

Kakata gajeriyar mace ce siririya, da zanen Barebari a fuska da haƙora jajaye saboda goro, amma muryarta ta ishi mutum uku. Barbarci muke yi a gida, Hausa ta kasuwa ce, kuma Hausar Kaka irin wadda ke ce wa mace "kai" ce ba tare da jin ko ɗar ba. Lallen nan daga uwarta ta samo shi. Ran da aka kawo ta gidan kakanmu tana amarya, an haɗo ta da ɗan reshe a naɗe cikin tsumma, ta dasa shi, shi ne ya yaɗu ya zama shinge. Uwar tata ma haka ta samo shi daga tata uwar. Don haka a gidanmu ba a taɓa yi wa amarya ƙunshi da lallen kasuwa ba, kuma kowace ta fita da reshenta take fita. A shekarar da nake ba ka labari ban fi shekara goma sha ɗaya ba, yayata kuwa an riga an sa mata rana da wani saurayi da take so har ba ta iya ɓoyewa. Kullum da yamma sai ta sami dalilin bi ta wajen shingen nan, wai duba akuya za ta yi.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata ka sani tun yanzu, don in ba ka san ta ba za ka ɗauka kakata taurin kai kawai gare ta. Da rani mutane kan zo daga tudu ko daga tsallaken kogi su ari fili a fadamarmu, a kuma ba su da hannu biyu. Mai aro yana iya shuka tattasai, da albasa, da kuɓewa, duk abin da za a girbe a tashi. Itace ne ba ya dasawa. Wanda ya dasa itace a ƙasa, ko bai buɗe baki ba ya ce ƙasar tasa ce. Kaka ta sha ba mu labarin wani baƙo da ya dasa lemun tsami a filin aro, kakanmu ya je ya tsaya a kansa har baƙon ya cire shi da hannunsa, sannan suka zauna suka ci tuwo tare. Da alfahari take ba da labarin nan, takan ce ai baƙo raɓa ne, raɓa kuwa ba ta yin saiwa.

Ba mu taɓa kawowa a ranmu cewa wata rana mu ne za mu zama raɓar ba. Fitinar mutanen daji ta daɗe muna jin ta a tsallaken kogi, muna karɓar waɗanda suka gudo, muna ce musu sannu. Sai ga ta a bakin ƙofarmu. Da hantsin wata rana, tattasai na shanye, aka ce kowa ya tashi. Ba na son in tsaya a kan ranar nan. Abin da zan faɗa shi ne, ana ta loda tabarmi da tukwane a amalanke, innarmu na ƙirga kawunanmu, aka nemi Kaka aka rasa. Babanmu ya yi ta ƙwala kira har muryarsa ta dishe. Can sai ga ta daga wajen lambu da wuƙa a hannu, ta rungumo damin 'yan itatuwa a naɗe cikin tsohon zanenta da ta tsoma a kogi, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Kwanukanta na aure da ta shekara da shekaru tana gogewa, ko waiwayarsu ba ta yi ba.

A hanya duk inda aka miƙa mata ruwa, sai ta kurɓa ta haɗiye rabi, rabin ta fesa wa damin da bakinta. Da muka iso shingen sojoji a bakin gari aka ce ta kwance. Wani matashin soja ya jujjuya itatuwan, ya dube ta ya ce, "Tsohuwa, asuwaki za ki sayar a Diffa?" Ta karɓe abinta ta sake naɗewa, ta ce masa da Hausar nan tata, "Kai dai Allah ya kai ka aure, ka zo ka tambaya."

A Diffa wani Alhaji ɗan Damagaram ne ya karɓe mu. Shekara da shekaru shi ke sayen tattasan babanmu, da ya gan mu a bakin shagonsa da kaya a ka bai bari babanmu ya gama bayani ba. Ya sa aka kwashe buhunan da ke wani ɗakin ajiya a cikin gidansa, aka share, aka ce mu shiga. Ɗaki ɗaya ne mai 'yar taga can sama, bangonsa ya sha tattasai har mun yi kwanaki muna hawaye ba tare da kowa ya san na yaji ne ko na gida ba. Babanmu a zaure yake kwana. Matar Alhaji, wadda kowa ke kira Hajiya, doguwa ce mai jiki, mai surutu da saurin kyauta, hannunta duk zobba. Ita ta aiko mana da tabarma da fitila da wata tsohuwar randa da ta ce ta cika zufa, mu yi haƙuri da ita.

Kaka ta shafa cikin randar nan ta ji danshi, sai na ga fuskarta ta saki karon farko tun da muka baro gida. Ta aike ni da tasa in ɗebo rairayi mai laushi daga bayan gida, na yi ta kai da komo har ta ce ya isa. Ta baza shi da faɗi a kusurwar ɗaki, ta girka randar a tsakiya. Lokacin ruwa ya yi wuya a gari, mutane sun yi wa Diffa yawa, sai ka kai bido, wato jarka, layin famfo da safe ka dawo da shi da azahar. Babanmu ya ce shi fa ba zai ga ana zuba wa itace ruwan da 'ya'yansa suka sha rana a kansa ba. Kaka ta ce, "Wa ya roƙe ka? Randa ce za ta shayar da su da guminta."

Na zauna a gabanta na ga yadda take yi, kuma har yau hannuna bai manta ba. Rassan da suka yi shekara ta zaɓo, kaurin yatsa, tsawon taƙi. Ƙasan kowanne ta yanke shi a karkace, saman kuma a miƙe, don kada a rikice a soka shi kai ƙasa, domin reshen da aka kifa ba ya kamawa. Ta zage ganyen tas, ta sake sabunta yankan ƙasa da wuƙa har ɗanyen ya fito, ta dangwala wa saman laka don kada ya sha iska ya bushe. Sannan ta soka su ɗaya bayan ɗaya a rairayin, kewaye da randar, kamar yara sun zagaye akushi. Ta kafa mana doka cewa duk wanda ya zo shan ruwa ya durƙusa daga nesa ya miƙa hannu, wanda kuma ya ja ɗaya don ya ga ko ya yi saiwa, to ya nemi wata kakar.

Bazara ta shigo da zafinta, irin wanda ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. A waje ƙasa na ƙona tafin ƙafa, amma kusurwar nan tamu kullum da sanyinta. Randa na zufa, rairayi na sha. Ba a daɗe ba wata safiya yayata ta leƙa ta ga 'yan ganye kore shar sun ɓullo a jikin itatuwan, ta kusa rangaɗa guɗa a gidan mutane. Mutanen saurayinta sun watse a gudun nan, ba a san inda suka nufa ba, don haka ita a wajenta ganyen nan albishir ne. Kaka ta kalle su a sheƙe ta ce wannan ganyen ƙarya ne, guzurin da reshe ya taho da shi daga gida yake ci, sai guzurin ya ƙare za a san ko ya yi bakin da zai ci na nan. Haka kuwa aka yi. Wasu suka yi ganye suka yi yaushi suka bushe, ta zare su. Wasu suka yi shiru har muka fid da rai, sannan suka sake toho na biyu, mai duhu, mai ƙarfi. Ranar ne Kaka ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi har innarmu ta firgita.

Waɗanda suka kama ta mayar da su cikin manyan gwangwanayen tumatir da na tsinto a bayan shagon Alhaji, muka huda gindinsu da ƙusa. Ta haɗa rairayi da ɗan busasshen kashin awaki. Ruwan alwalarta a kansu yake sauka. Da sassafe, kafin a saki awakin Hajiya, takan jera su a bakin ƙofa daga ciki, inda hasken rana ke faɗowa, tana juya kowane gwangwani don kada ya karkata gefe ɗaya. Da ta ji takun mutum sai ta ja su baya ta saki wani zane da ta ɗaura a kusurwar. Na tambaye ta me ya sa muke ɓoyo kamar mun yi sata. Ta ce in Hajiya ta gani za ta ɗauka habaici ake yi mata a ba da fili, mutumin da ya ba ka ɗaki kuwa ba ka nuna masa kana hangen tsakar gidansa.

To amma lalle ɗan rana ne, ba a halicce shi don zaman ɗaki ba. Kafin damina ta kankama sun fara miƙewa sirara, suna leƙen 'yar tagar nan, ganyensu ya koɗe kamar fuskar wanda ya daɗe yana jinya. Saiwoyi suka cika gwangwanaye har suna leƙowa ta hudar ƙusa. Kowa a ɗakin ya san maganin abin, ƙasa suke so da sarari. Amma a lokacin maganar da ke bakin kowa ita ce bayan damina za mu koma, Kaka kuwa ta fi kowa riƙe ta. Takan ce su daure, ai su ma baƙi ne, in an koma za ta sa su a gefen uwarsu su huta.

Zazzaɓin damina ne ya tona mana asiri. Kaka ta kwanta, Hajiya ta shigo gaishe ta da kwanon kunu ba tare da kowa ya sami damar sakin zanen ba. Ta tsaya turus. Ta ce, "Mi nike gani haka, Inna? Lambu cikin ɗaki?" Kaka daga kwance ta ce ba komai ba ne, wasan tsufa ne. Hajiya ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina, ta riƙe baki. "Lalle ne wallahi! Haba Inna, ga waje can wajen wanke-wanke, ruwa na zuba a banza. Gobe a hito da su." Kaka ta yi godiya mai tsawo, ta sa mata albarka, ta ce suna nan lafiya inda suke.

Alhaji da kansa ya aiko babanmu ya ce a faɗa wa tsohuwa gidan nan gidanta ne, ta dasa abin da ta ga dama. Babanmu ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta lallashi, ya ce nan birni ne, ba wanda ya san da wannan al'adar, mai gida ma ya yafe. Kaka ta yi ƙememe. Ta ce, "Alhaji mutumin kirki ne, amma zai mutu, ni ma zan mutu. 'Ya'yansa da jikokina su ne za su tsaya a kan itacen nan, wannan ya ce ƙasar ubana ce, wannan ya ce dashen kakata ne. Ni ba zan saka wa wanda ya rufa mana asiri da rigima ba." Babanmu ya tashi yana girgiza kai. Ni ma a lokacin haushinta na ji, don ban ga abin da ta gani ba.

Cikin wannan hali wani ɗan ƙauyenmu da ya yi kasada ya leƙa gida ya dawo da labari. Ya ce rufin ɗakuna ya rufta, lambuna sun zama fili, wuta ta cinye duk abin da ke gaɓar kogi tun daga sama har ƙasa. Kaka ta tambaye shi shingenta. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce ko kututture bai gani ba. Ka ga ke nan lallen uwarta da na uwar uwarta, a iya saninmu babu sauransa sai abin da ke cikin gwangwanayen tumatir a kusurwar ɗakin aro. Su kuma ga su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, damina tana shirin wucewa, in ta wuce kuwa dashe ya yi wuya. Yayata ta daure ta ce ita ta yafe, in Allah ya kawo auren a sayo na kasuwa. Kaka ko kallonta ba ta yi ba. Kwanaki ta yi ba ta cin abincin kirki, tana zaune gaban 'yan ƙalilan da suka rage tana jan carbi.

Wata safiyar Juma'a da aka kwana ana ruwa, ta tashi ta yi wanka, ta naɗa lafayarta guda ɗaya da ta tsira da ita, ta shafa humra kamar mai zuwa biki. Ta ce in jera gwangwanayen a faranti in ɗauka a ka in biyo ta. Tsakaninmu da ɗakin Hajiya tsakar gida ce kawai, amma Kaka ta taka ta a hankali kamar mai zuwa wani gari. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama cikakkiya, aka amsa, aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa har da tambayar mutanen Damagaram. Sannan ta sa na sauke farantin a gaban Hajiya. Ta ce, "Hajiya, tun da muka zo muke ci muke sha a gidanka, ban kawo maka komai ba. Ga abin da na mallaka. Na ba ka, duniya da lahira. Naka ne, ka dasa a ƙasarka."

Hajiya mai surutu ce, amma ba wawuya ba ce. Ta dubi gwangwanayen ta dubi Kaka, na ga idonta ya kawo ruwa, ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta rufe. Ta sa hannu biyu ta jawo farantin gabanta ta ce ta karɓa, Allah ya saka da alheri.

Abin da ya biyo baya, har yau in na tuna sai na yi dariya. Kaka ta ce tun da na Hajiya ne, da hannun Hajiya za a dasa, ko yaron gida ba ta yarda ya haƙa ramin ba. Ga Hajiya da zobbanta da jikinta a tsugune wajen wanke-wanke da fartanya, tana haki tana cewa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa riƙe wannan abu ba. Ga Kaka a tsaye a kanta, hannuwa a goye a baya don kada su yi mata gardama su taɓa ƙasar, tana ta faɗa. Ramin bai yi zurfi ba. A yanka gwangwanin ta gefe, kada a fizgo. A danna da tafin hannu, ba da dunduniya ba, ai ba kabari ake rufewa ba. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna dariya. Da aka gama Kaka ta ce in Hajiya na neman mai yi mata ban ruwa, ita ba ta da aikin yi. Hajiya ta share gumi ta ce ta ɗauke ta aiki. Babanmu ma sai da Hajiya ta roƙe shi da bakinta sannan Kaka ta bar shi ya kewaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Da muka koma ɗaki kusurwar nan ta yi fayau, sai randa ita kaɗai. Kaka ta warware lafayarta ta ninke, ta zauna ta juya mana baya. Na matsa kusa da ita na ce, "Kaka, yanzu ba mu da lalle ke nan?" Ta ce, "Ba mu da shi. Amma yana da rai." Na ga hawaye na bin zanen fuskarta, ba ta share ba. Tausayinta ya kama ni, amma abin da ya fi cika mini ƙirji a ranar alfahari ne, na ji duk garin Diffa babu mai kaka irin tawa.

Lalle kuwa da ya ji ƙasa da rana sai ya manta ya taɓa jinya. Kafin damina ta zagayo ya kai ƙugun mutum, ya yi duhu ya cika. A tsakanin nan aka gano mutanen saurayin yayata a garin Shetimari, sun sami ɗan fili a wajen danginsu suna noma, suka aiko cewa maganarsu tana nan. Aka sake sa rana bayan girbi. Yayata ta koma duba akuya da yamma, ko da yake a Diffa ba mu da ko ɗaya.

Da biki ya matso, Kaka ta sake naɗa lafayar nan, ta ba ni ƙwarya, muka sake taka tsakar gidan. Muka wuce ta gaban lallen da ita ke ba shi ruwa safe da yamma, wanda ta san kowane reshensa, ba ta ko miƙa hannu ba. Ta yi sallama a ƙofar Hajiya. Ta ce jikarta za ta yi aure, ta zo roƙon lalle, da kuma reshe ɗaya in babu damuwa. Hajiya ta tashi tsaye, ranta ya ɓaci sosai. Ta ce, "Inna, kunyata ni za ki yi a gidana? Abinki ne za ki roƙa?" Kaka ta ce ita ba ta taɓa ba da kyauta ta riƙe igiyar ba, in an ba ta ta gode, in an hana ta ma ta gode. Hajiya ta fizge ƙwaryar daga hannuna tana faɗa tana kuka, ta je ta tsinko da kanta har ta yi tozo, ta haɗo da reshen.

Aka shanya shi a inuwa, aka daka, aka tankaɗe. Ranar ƙunshi Kaka ce ta kwaɓa, ita ta sa wa yayata hannu a zunguru. Da aka wanke, launin ya fito ja mai duhu, irin wanda tsofaffin ƙauyenmu da suka zo bikin suka gane tun daga bakin ƙofa. Wata ta kama hannun amarya ta daɗe tana kallo, ta ce ashe akwai abin da ya tsira. Reshen kuma tuni Kaka ta kafa shi a gindin randa ya yi saiwa, yayata ta tafi Shetimari da shi a cinya, ta dasa a bayan ɗakinta, a ƙasar mijinta, inda ba mai ce mata don me.

Kaka ba ta koma bakin kogi ba. A ɗakin nan mai 'yar taga Allah ya karɓi abinsa, bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙanta. Har ta rasu ko ganye ɗaya ba ta taɓa tsinka ba sai ta yi sallama ta tambaya, Hajiya kuma ba ta taɓa fasa yi mata faɗa a kai ba. Bayan rasuwar da 'yan watanni aka tashi aurar da jikar Hajiya. Muna zaune da hantsi sai muka ji sallama a ƙofarmu, ga Hajiya tsaye da mayafi da ƙwarya a hannu, a tsakar gidanta, a ƙofar ɗakin da mijinta ya ara mana. Ta ce wa innarmu, "Na zo roƙon lallen Inna." Babanmu da ke gefe ya tashi ya fita zaure da sauri. Innarmu ta ce, "A tsinka, Hajiya."

Yau Diffa ba wadda muka tarar ba ce. Gari ya kumbura ya kai inda da gonaki ne, mu ma mun sami ɗan wurinmu a bakin gari mun tashi daga gidan Alhaji. Kullum sai ka ji 'yan uwa ciki ɗaya sun kai juna gaban hukuma a kan taƙi ɗaya na ƙasa. 'Yan matan yanzu kuma baƙin lalle na kwalba suke so, a zana musu fure irin wanda suka gani a waya, ya goge kafin amarya ta gama zaman ɗaki. Ba na ganin laifinsu, ni ma nakan yi. Amma in ka bi ta unguwar nan za ka ga wani lalle da ya zarce katanga, in ya yi fure har titi ake jin ƙamshinsa. Ka shiga ka tambayi Hajiya na wane ne, ta tsufa yanzu amma bakin yana nan, za ta ce maka na wata tsohuwa ce daga bakin kogi, ita ajiya aka ba ta. Ka zo ka tambaye mu, mu ce maka na Hajiya ne, don haka kakarmu ta faɗa kuma ba mu isa mu tayar da maganarta ba. An sa ranar aurena bayan sallah, kuma na riga na wanke ƙwaryar da zan je roƙo da ita.